Wuta Ta Kama Ko An Cinna Ta? Kalmomin Gobara a Turanci

A ranar Talata, 19 ga Janairun 2021, mutanen Sakkwato suka wayi gari da gobara a Babbar Kasuwa. Kafin rana ta yi tsaka hayaƙi ya turnuƙe sararin garin, shaguna masu ɗimbin yawa sun zama toka, 'yan kasuwa na tsaye suna kallon wahalar shekara da shekaru tana ci da wuta. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ƙanana ne a lokacin, amma da wuya a sami gida a birnin nan da bai san wani wanda abin ya shafa ba.

Wanda ya saurari labarin a rediyo da Hausa kalma ɗaya ya ji ana ta maimaitawa, wato gobara. Wanda ya bi shi ta jaridun Turanci kuwa sai ya yi ta cin karo da kalmomi iri-iri, irin waɗanda ke dawowa duk lokacin hunturu: "guts", "razes", "blaze", "inferno". Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ke nuna wani da yatsa. Bayanin wutar kawai suke yi. Turanci na da wani jerin kalmomi daban da yake ajiyewa domin wutar da mutum ya tayar da gangan, da kuma shi mutumin da ya tayar da ita. Ɗalibin da ya cakuɗa waɗannan jeri biyu, in a takardar WAEC ne zai rasa maki, in kuwa a WhatsApp ne yana iya ɗora wa bawan Allah laifin da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin rai da rai.

Bari mu gama da na jaridu tukuna, don ba su da wuya. "Gut" asalinta hanji ne da kayan ciki, kuma Bature na amfani da ita in zai ce an feɗe kifi an kwashe cikinsa. Don haka in aka ce "fire gutted the shop", wuta ta cinye cikin shagon ta bar bango a tsaye. "Raze" ta fi tsanani, ginin ne ya kwanta gaba ɗaya. Tushenta ɗaya da "razor", wadda muka ara muka mayar reza, kun ga ke nan kamar an aske wurin ƙwal. Ana cewa "razed" ko "razed to the ground". Wannan "razed down" da ake yawan ji a bakin mutanenmu, masu gyaran takarda ba sa karɓar ta. Ku kuma kiyaye a takardar gwajin furuci: "raze" da "raise" furucinsu ɗaya sak, ga shi ɗaya rushewa ce ɗaya ɗagawa. "Blaze" babbar wuta ce mai ci bal-bal. "Inferno" kalmar Italiyanci ce mai nufin jahannama, saboda haka ba a yi ta don ƙonewar katifa a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ko da yake wasu 'yan jarida ba sa iya haƙura.

Wa ya kama wa?

In magariba ta gabato a Gawon Nama, za ka ga mai shayi na hura wuta, mai tsire na tada garwashi, mai ƙosai na gyara itace a murhu. Duk waɗannan a Turanci "light a fire" suke yi, ko "make a fire". Wuta ce ta amfani, an san inda aka kunna ta, an san lokacin da za a kashe ta. "Kindle" ita ce lallaɓa wuta da ƙirare har ta kama, shi ya sa ake kiran ƙiraren "kindling". "Ignite" ta malaman kimiyya ce da makanikai. Ta fito daga "ignis", wuta a Latin, kuma ita ce ta haifi "ignition", inda direba ke murɗa makulli mota ta tashi.

Da zarar ka ce "set fire to" kuwa, ka sauya layi. Ba a faɗar haka game da murhu. Wannan cinna wuta ce ga abin da bai kamata ya ƙone ba, kamar gida ko mota ko rumbu ko gonar wani. Siga biyu gare ta, kuma ƙananan kalmomin da ke cikinsu ne ke ka da ɗalibai. Ko dai ka ce "they set fire to the stall", ko ka ce "they set the stall on fire". Ta farko da "to" take tafiya, ta biyu da "on". Wanda ya rubuta "they set fire on the stall" ya haɗa kan akuya da gangar jikin tunkiya. Haka kuma "set" ba ta sauya kama don lokaci ya wuce, jiya ma "set" ce, babu wata "setted". Akwai 'yan uwanta, "set ablaze" da "set alight", ma'anarsu ɗaya sai dai sun fi kama da harshen jarida. Sai kuma "torch", wadda muka sani da tocila. In ta zo a matsayin aikatau, kamar "the mob torched two buses", ba haska motocin aka yi ba, banka musu wuta aka yi. Dalili shi ne tun kafin a ƙirƙiro batir, "torch" sanda ce mai wuta a kai.

Inda Hausa ke yi mana tarko shi ne wajen kamawa. Mu cewa muke yi wuta ta kama ɗaki. Wutar ce mai aiki, ɗakin ne aka kama. Bature ya juya zancen, a wurinsa ɗakin ne ya kama wuta: "the room caught fire". Duk wanda ya yi tunani da Hausa ya rubuta da Turanci, hannunsa zai kai shi ga "fire caught the room", kuma malami zai ja masa jan biro. In ba a san mafarin wutar ba, jimlar da ta fi kowacce tsira ita ce "a fire broke out", wato gobara ta tashi. Ba ta zargi kowa ba, ba ta wanke kowa ba. Wajen kashewa kuma "put out" ake cewa ko "extinguish". A bar "off the fire" a tsakar gida.

Arson

Wannan ita ce uwar kalmomin, kuma kalmar shari'a ce. "Arson" shi ne laifin ƙona dukiya da gangan ba bisa doka ba, mai aikata shi kuma "arsonist". Hausa ba ta dunƙule wannan a kalma ɗaya ba, mukan ce an cinna wa gidan wuta da gangan, ko an banka masa wuta. Kalmar ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, daga "ardere" na Latin, wato ƙonewa. Daga nan ne kuma aka sami "ardent", mai zafin son abu, kamar yadda ake cewa "an ardent supporter".

Tunda an ambaci magoya baya, na san abin da ya faɗo wa wasunku a rai. A'a, Arsenal ba ta da dangantaka da "arson". "Arsenal" ma'ajiyar makamai ce, ma'aikatan wata masana'antar makamai a Landan ne suka kafa ƙungiyar a 1886, shi ya sa kuke ganin igwa a tambarinta. Kalmar kanta daga Larabci ta faro, darus sina'a, wato gidan ƙere-ƙere, ta bi ta Italiyanci ta isa Ingila. Ashe ke nan 'yar uwar kalmarmu ce ta sana'a.

Ta fuskar nahawu, "arson" suna ne da ba a ƙirga shi, kuma ba aikatau ba ne. Ba a cewa "an arson", ba a cewa "he arsoned the house". Ana cewa "he committed arson", ko "an arson attack", ko "he was charged with arson". Sharaɗinta na farko niyya. Yaron da ya manta da maganin sauro a kunne kusa da labule har ɗaki ya ƙone ya yi sakaci, Turancinsa "negligence", amma bai zama "arsonist" ba. Haka wanda ya bar hita a cikin bokiti aka ɗauke wuta, aka dawo da ita ba ya nan.

Ga masu burin karanta lauya, akwai wani abin sha'awa. Dokar manyan laifuka ta kudancin Najeriya, wadda ake kira Criminal Code, ta ambaci "arson" da sunansa a sashe na 443, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai. Dokar Penal Code da aka yi wa Arewa kuwa wani suna ta ba laifin, "mischief by fire". Ɗalibin da ya san "mischief" a matsayin ƙiriniyar yara zai yi mamaki, to a bakin lauya ɓarnata dukiyar wani ce da gangan.

Kada ku ɗauka kalmar ta ƙasashen waje ce. A ranar 15 ga Mayun 2024, a ƙauyen Larabar Abasawa da ke Ƙaramar Hukumar Gezawa a Jihar Kano, wani mutum ya watsa fetur a masallaci ana sallar asuba, ya rufe ƙofa, ya ƙyasta ashana. Rikicin gado ne ya kai shi ga haka. Fiye da mutum 20 suka rasu, kuma a Mayun 2025 kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Akwai kuma wanda ya shafi 'yan makaranta kai tsaye. A Maris na 2001, a sakandaren Kyanguli da ke yankin Machakos a Kenya, an cinna wa ɗakin kwanan ɗalibai wuta da dare, yara maza 67 suka mutu, waɗanda aka gurfanar a kotu kuwa ɗalibai ne biyu na makarantar. A ganina duk ɗan makarantar kwana ya kamata ya san wannan labari, musamman masu ganin in an fusata da hukumar makaranta sai an ƙona wani abu kafin a ji kukansu. Wuta ba ta san iyakar da mai cinna ta ya yi niyyar ta tsaya ba.

Masu son kalmomi masu nauyi sukan ɗauko "pyromaniac" su maƙala wa duk wanda ya ƙona abu, don tana da daɗin faɗa a muhawara. Kuskure ne. "Pyromania" larura ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba kasafai ake samun ta ba. Mai ita yakan ji wani matsi a ransa wanda ba ya sauka sai ya kunna wuta ya ga tana ci. Ba kuɗi yake nema ba, ba fansa yake ɗauka ba, ba wata shaida yake son ɓoyewa ba. Wanda ya ƙona shagonsa don ya karɓi kuɗin inshora, ko ya ƙona ofis don takardu su ɓace, lafiyarsa ƙalau, "arsonist" ne. Likita ne ke da hurumin cewa wane "pyromaniac" ne, alƙali ne ke da hurumin cewa wane "arsonist" ne. Kalmar gaɓa biyu ce ta Girkanci, "pyr" wuta, "mania" hauka ko zaucewa a kan abu. In kun riƙe "pyr" ɗin nan za ta yi muku amfani a wasu darussan. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Gawon Nama in sun rubuta "pyrexia" zazzaɓi suke nufi, maganin da ke sauke shi kamar farasitamol kuma "antipyretic". Wasan tartsatsin wuta da ake yi a sama lokacin bukukuwa shi ne "pyrotechnics".

"Firebug" kalmar hira ce, ta fi yawa a Amurka, ba ta dace da rubutun jarrabawa ba. "Fire-starter" kuwa tana da fuska biyu, tana iya zama mutum, tana iya zama abin hura wuta, sai an duba jimlar.

Wutar da ake kunnawa da baki

"Incendiary" ta fito daga "incendere" na Latin, cinna wuta, tushe ɗaya da "incense", turaren wuta. A ma'anarta ta zahiri abu ne da aka haɗa don ya tada gobara, kamar kwalbar fetur mai tsumma a baki, wadda 'yan sanda ke kira "incendiary device". Amma za ku fi haɗuwa da ita a shafin siyasa. "Incendiary remarks" kalamai ne masu tunzura jama'a. Haka "inflammatory". A nan harsunan biyu sun yi tunani iri ɗaya, domin mu ma muna cewa wane yana rura wutar rikici, ko yana iza wuta.

"Firebrand" ita ce bakin wuta, itacen nan mai ci da ake ɗauka daga wannan murhu a kai wancan. Da aka ɗora ta a kan mutum sai ta zama mai zafin ra'ayi, wanda in ya hau dandamali sai jini ya motsa. Ba lallai ne ta zama zagi ba. Jarida na iya kiran shugaban ƙungiyar ƙwadago ko ɗan gwagwarmayar ɗalibai "a firebrand" alhali bai taɓa riƙe ashana ba. Don haka in ta fito a tambayoyin zaɓi aka ce a nemo mafi kusa da ita a ma'ana, ku nemi "agitator", ku bar "arsonist" duk da ƙamshin wutar da ke jan hankali.

Akwai kalma ɗaya da nake roƙon kowa ya haddace ko da zai manta da sauran. A jikin tankokin mai da ke ratsa garin nan za ku ga an rubuta "highly inflammable". Ɗalibin da ya koyi cewa "in" a farkon kalma na kore ma'ana, kamar "incorrect" da "invisible", zai iya fahimtar cewa abin da ke ciki ba ya kama wuta. Akasin haka ne. "Inflammable" da "flammable" ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kamawa da wuta. Wannan "in" ɗin ba ta korewa ba ce, tare da kalmar ta taho daga "inflammare" na Latin. Saboda wannan ruɗani ne masu harkar kariya suka fi son a riƙa rubuta "flammable". Kishiyarsu ita ce "non-flammable". Ba rashin sanin Turanci ne ya jawo abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024 ba, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasar fetur, ta fashe ta hallaka fiye da mutum 150. Talauci da ganganci sun fi kusa da zama dalili. Amma wanda ya iya karanta gargaɗin, ya fahimce shi daidai, shi ne ake sa ran zai ja ƙannensa su yi nesa.

Wasu kalmomin kuma wutar cikinsu ta ɓuya. "Curfew", dokar hana fita, daga Faransanci take, "couvre-feu", wato rufe wuta. A garuruwan Turai na da, inda gidaje na katako ne da ciyawa, akan kaɗa ƙararrawa da dare kowa ya rufe murhunsa don gudun gobara. "Bonfire", babbar wutar da ake hurawa a fili, asalinta "bone fire", wutar ƙashi.

Kafin ka nuna yatsa

Duk lokacin da kasuwa ta ƙone, ko Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016, ko Babbar Kasuwar Katsina a Maris na 2021, ko tamu, kafin 'yan kwana-kwana su naɗe mesarsu jita-jita ta riga ta zaga gari. Wannan ya ce janareta ne, wancan ya ce wayar lantarki ce, wani ya rage murya ya ce ai sa ta aka yi. Turancin jarida na da kalmomi biyu da aka tanada domin irin wannan lokaci, "suspected" da "alleged". "Suspected arson" na nufin masu bincike na zargin da hannun mutum, ba su tabbatar ba. "The alleged arsonist" shi ne wanda ake tuhuma, kotu ba ta kama shi da laifi ba tukuna. Sai bayan hukunci ake cewa "convicted arsonist". In aka ce ku rubuta rahoton gobara a jarrabawa, jimla irin "the cause of the fire is still under investigation" ta fi muku alheri a kan ƙirƙiro mai laifi. A wajen jarrabawa kuwa, rubuta sunan mutum kusa da kalmar "arsonist" ba tare da hukuncin kotu ba ɓata suna ne, ana kai mutum ƙara a kansa. Wannan ma mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da fusatattun mutane ke iya yi wa wanda aka nuna.

Su kansu masu harshen sun ɗanɗana wannan. A daren 2 ga Satumban 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gashin burodi a layin Pudding da ke Landan. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000 da majami'u 87. Ingila na yaƙi da Faransa da Holan a lokacin, don haka mutanen gari suka ƙi yarda cewa tsautsayi ne, suka bi baƙi da duka a kan titi. Sai wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Robert Hubert, wanda alamu suka nuna ba shi da cikakken hankali, ya ce shi ne ya jefa wutar ta tagar gidan burodin. Labarinsa ya yi ta sauyawa, har wasu daga cikin masu shari'ar ba su gamsu da shi ba, amma gari na neman wanda za a ɗora wa laifi. Aka rataye shi a watan Oktoba na shekarar. Daga baya matuƙin jirgin ruwan da ya kawo shi ya ba da shaida cewa Hubert bai sauka a Landan ba sai bayan kwana biyu da tashin wutar.